Taswirar Google a manhajata: wai abu uku na yi, duka ukun na taka doka?

Ɗan Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu harkar rubuta kod ɗin manhaja dan Allah ku zo ku fitar da ni duhu, tun daren jiya ban samu barcin kirki ba. Kun san dai sana'ar gidanmu albasa ce da tumatur da attaruhu a nan kasuwar Mile 12 ta Legas, rumfar ta kawuna ce ni kuma ina riƙe masa lissafi, to wata huɗu kenan ina haɗa wata 'yar manhaja wadda masu buka da ƙananan otal za su riƙa yin oda daga Ketu, Ojota, Gbagada har Ikeja, yaranmu su kai musu kaya har ƙofa ba sai sun shigo cikin caɓin kasuwa ba, musamman da damina. Abu uku na yi. Na rubuta ɗan kod da ya bi Google Maps ya kwaso min sunayen buka da otal na yankin da adireshi da lambar waya na zuba a rumbun bayanaina, sun haura ɗari takwas. Sannan da na ga taswirarsu ta shafin intanet kuɗi ce in ka wuce ƙima, sai na ɗora wuraren nan a kan wata taswirar daban, OpenStreetMap, da Leaflet mai nuna ta a shafi, tunda su kyauta ne. Na ukun shi na fi ji da shi, so nake in ɗauko kwatancen hanya daga Google in juya shi Hausa, waya ta riƙa ce wa yaro "sha kwana dama", "miƙe ɗoɗar", don yawancin yaranmu turancin bai zauna musu ba. Jiya na nuna wa wani abokina sai ya kwashe da dariya wai duka ukun sun saɓa sharuɗɗa. Wane sharaɗi kuma jama'a? Ba katina na saka musu ba?

Sarkin Gardama:
Wa alaikassalam. Rabu da shi oga, baƙin ciki ne. Kai a tunaninka mutanen da ke zaune a Amurka za su bar duniya kaf su zo Mile 12 leƙen rumfar albasa? Ci gaba da aikinka kawai.

Injiniyan Yaba:
Wa alaikumussalam ƙanina. Abokin naka gaskiya ya faɗa maka kuma ka gode masa da ya faɗa yanzu ba sai ka tara kwastomomi ba. Ranar da ka buɗe akawun ka karɓi makullin API, wato lambar da manhajarka ke neman bayanai da ita a wajen Google, akwai wani dogon rubutu da ka danna masa "na yarda", na san baka karanta ba, nima farko ban karanta ba. Ka koma ka nemo sashe na 3.2.3 na sharuɗɗan Google Maps Platform, kamar wanda ya rubuta ya leƙa kwamfutarka ne. A ciki sun hana kwashe bayanansu a adana a waje, har misali suka kawo ɓaro-ɓaro na kwafar sunayen wuraren kasuwanci da adireshi da ra'ayoyin da mutane ke rubutawa a kai, wannan shi ne aikinka na farko. Sun hana nuna bayanansu a kan taswirar da ba tasu ba, kai ko kusa da ita, na biyu kenan. Kuma a cikin misalan suka saka haɗa bayanansu da manhajar da ke mayar da rubutu murya, ga na ukun ka. Bayan haka akwai hana ƙera abin da ya yi kama da manhajarsu ta waya mai jagorar direba kwana bayan kwana. Katin da ka saka kuɗin haya ne, ba saye ka yi ba. Kamar rumfar kawu ce in haya yake, yana biya duk shekara amma ba zai ciro ƙofar ya kai gida ba.

Ɗan Mile 12:
Innalillahi. Yaya to ko murya ma? Ni fa don talakawa na yi, ba gasa zan yi da su ba wallahi.

Injiniyan Yaba:
Na sani, kuma tunanin muryar Hausa tunani ne mai kyau kar ka yar da shi, hanyar da ka biyo ce dai a rufe. Zan dawo kanta.

Anti Zee Kod:
Salam. Sarkin Gardama ba mutum ne zai zo leƙe ba ai, na'ura ce ke gani. Makulli ɗaya ya aika tambaya dubu cikin minti goma da ƙarfe biyun dare duk a kan gidajen abinci na Ikeja, sannan ya yi shiru bai sake tambaya ba kwana da kwanaki, ko ɗan aji ɗaya ya san kwasa aka yi. Wataƙila ba za a kula shi yau ba tunda ƙarami ne. Matsalar ita ce sharuɗɗan sun ba su damar dakatar da kai, kuma abu irin wannan ba ya faɗo maka sai ranar da kasuwa ta buɗe, ana saura kwana biyu sallah oda ta cika, yara goma suna kan titi, taswira ta koma toka-toka. Ranar wa za ka kira?

Sarkin Gardama:
Anti ai sai ya buɗe wani akawun da wani imel, mene ne a ciki

Anti Zee Kod:
Shi ma an rubuta shi, dabarar kauce wa biyan kuɗi, ciki har da buɗe akawun barkatai. Kai dai duk ƙofar da ka nuna masa akwai kwaɗo a jiki.

Baristan Obalende:
Bari in ɗan sa baki ko da yake ni ba kod nake rubutawa ba. A bambance abu biyu. Wannan ba dokar ƙasa ba ce da 'yan sanda za su zo su tafi da kai Panti, yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani, ka karya su rufe maka famfo, in abin ya girma su bi haƙƙinsu. Amma inda ya fi cizo shi ne ranar da wani mai kuɗi zai so zuba jari a manhajar, lauyoyinsa za su tambaya bayanan nan ɗari takwas daga ina? Ka ce daga Google na kwaso, shikenan sun san kadarar da kake nuna musu ba taka ba ce. Sannan tunda za ka riƙa ajiye lambar wayar mutane da inda gidajensu suke, ka san da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, ita kam dokar ƙasa ce kuma tana da hukumarta, NDPC. Ka gaya wa kwastoma me kake karɓa, don me, kuma ya amince.

Malam na Alaba Rago:
Assalamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku ban san API ba sai dai awaki da raguna, amma na ji ana cewa ai ba za su gani ba. Hadisi ya zo cewa musulmi suna kan sharuɗɗansu, matuƙar sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Yaro ya danna na yarda da hannunsa. Ko su gani ko kar su gani ya ɗau alkawari. In bai iya ba ya mayar musu da kayansu ya nemi wani, ai ba dole aka yi masa ba.

Sarkin Gardama:
Allah ya gafarta Malam na ji, amma fa akwai rashin adalci a ciki ku bar ni in faɗa. Wa ya cika musu taswirar Legas? Mu ne. Mai shago ne ya saka sunan shagonsa da kansa, ni ne na ɗau hoton masallacin Agege na ɗora, wayoyinmu ne a aljihu ke gaya musu akwai goslo a gadar Third Mainland. Mun tara musu kyauta sannan su juyo su ce kar ka taɓa sai da kuɗi, kuma ko ka biya kar ka ajiye. Wannan ai cin amanar ƙasa ne

Injiniyan Yaba:
A nan kam ban ƙi taka gaba ɗaya ba, kuma irin wannan ƙorafin ne ya haifi OpenStreetMap tun 2004, wani bature Steve Coast ya fara a Ingila saboda taswirar ƙasarsu da aka yi da kuɗin haraji ba ta samuwa kyauta a lokacin. Amma mu ma mu yi adalci, motocin da suka zaga Legas suna ɗaukar hoton tituna da hotunan tauraron ɗan adam da injinan da ke amsa tambaya cikin ƙiftawar ido ba da addu'a suke tafiya ba. A 2019 sun kawo tsarin hanyar masu babur nan Najeriya da murya mai harshen turancin gida, har da kwatancen hawa danfo a Legas. Aiki ne aka yi. Kuma wani ɓangaren bayanan su ma lasisinsa suka karɓo daga wasu, shi ya sa kake ganin ƙananan sunaye a ƙasan taswira, shi ya sa kuma suka hana ka rufe tambarinsu da wannan rubutun. Af na tuna, Ɗan Mile 12 in akwai inda har yanzu kake nuna taswirar Google ka duba ko maɓallin odarka bai hau kan tambarin ba a kusurwar ƙasa, kowa na yin wannan kuskuren.

Ɗan Mile 12:
Ya hau kuwa. Da gangan ma na ɗora shi don ya fi kyau a ido. To sun zama huɗu kenan, Allah ya kyauta.

Raida Agege:
Oga ku yi haƙuri in faɗi tawa, ni ba injiniya ba ne amma shekara huɗu ina kai saƙo a garin nan tun bayan da aka hana okada ɗaukar fasinja a Ikeja da su Surulere muka koma dilibari. Wannan adireshin da kuke faɗa a kai wallahi rabinsa ba ya kai mutum ƙofa. Rannan an ba ni kaya zuwa wajen Ojota, alamar ta faɗi a tsallaken Ikorodu Road, ga gidan ina hango shi amma shingen BRT ya raba mu, sai da na tafi can gaba na juyo, ruwa na zuba waya na cikin leda allon ya ƙi jin yatsa, na iso kuma get ɗin layin a kulle wai sai ta ɗaya bakin. Matar ta ce min ai da ka kira da na ce ka shigo ta wajen mai vulkanaiza, gida na uku bayan coci mai shuɗin fenti. To wannan maganar tata ita ce adireshi. Lamba 14 tana iya zama kusa da lamba 52 a unguwannin nan, wani layin ma suna biyu gare shi, na gwamnati da wanda 'yan unguwa suka sani. Ni da za ku ji tawa ku sa mana maɓalli ɗaya kawai, in na tsaya a ƙofar kwastoma in danna waya ta riƙe wurin, in yi magana in ce ta ina ake shiga, gobe duk yaron da aka aiko ya huta.

Anti Zee Kod:
Raida Allah ya yi maka albarka, ka gama muhawarar baka sani ba. Ɗan Mile 12 ka karanta wannan sau biyu. Lambobin da GPS ɗin wayar yaronka ya bayar yana tsaye a ƙofar buka naka ne, ba daga sabis ɗin taswirar kowa ka ɗauko ba, ka ajiye har jikoki. Sunan bukar da lambar wayar da madam ɗin ta rubuta da hannunta lokacin rajista su ma naka ne da izininta. Wancan ɗari takwas ɗin da ka kwaso kuwa kayan aro ne, kuma ka san ba ya rufe katara. Balle ma nawa ne a ciki suka san da kai? Buka arba'in da suka taɓa sayen kwando a hannun kawu sun fi maka su amfani.

Ɗan Mile 12:
Anti gaskiya ne. To amma tambaya, babu abin da aka yarda in ajiye ko ɗaya daga wajensu? Don in duk buɗe manhaja sai na sake tambayarsu ai kuɗi zai ƙare ni, ga dala yadda take.

Injiniyan Yaba:
Akwai. Kowane wuri suna ba shi wata lambar shaida, Place ID, ita an yarda ka ajiye ba iyaka, sai dai suna ba da shawarar ka sabunta ta in ta wuce wata 12. Lambobin latitud da longitud kuma asalin ƙa'idar ajiya ce ta wucin gadi, kwana 30 a jere sannan ka goge. Kowane sabis yana da nasa ƙarin sharuɗɗa a wani shafi daban, na Places daban na Geocoding daban, ka karanta na wanda kake amfani da shi. Maganar kuɗi kuma zauna ka yi lissafi kafin ka tsorata, kai da kake riƙe littafin kawu. Daga 2018 suka wajabta saka kati suna ba da rangwamen dala 200 duk wata, a Maris na 2025 suka sauya, yanzu kowane sabis yana da adadin kyauta nasa a wata, ƙananan irin su mayar da adireshi lambobi 10,000 ne, na sama da su 5,000, na can ƙoli 1,000. Oda nawa kake sa ran yi a rana?

Ɗan Mile 12:
In Allah ya sa albarka talatin zuwa arba'in a farko

Injiniyan Yaba:
To arba'in sau talatin 1,200 kenan a wata. Ko kusa da 10,000 baka je ba. Ka ga ka haura katanga alhali ƙofa a buɗe take. Kuma nuna taswirar kanta a cikin manhajar Android ba a cajinta kamar ta shafin intanet, wadda ita ce dala 7 duk buɗewa dubu bayan ka cinye na kyauta. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne akwatin da ke cika maka adireshi kana rubutawa, in baka saita shi da kyau ba kowane harafi tambaya ce.

Anti Zee Kod:
Kuma ka ɗaure makullinka dan girman Allah. Ni na ɗanɗana. Shekarun baya ina yi wa wata mai kayan kwalliya a Idi-Araba aiki, da wani kamfanin taswira dai ba sai na kira suna ba, na bar makulli tsirara a cikin kod na ɗora a fili, ban ƙayyade shi ga manhajata ba ban sa masa iyakar amfani ba. Wani can ya tsince shi ya yi ta sha. Ina cikin danfo a Oshodi alat ya shigo, na duba na sake dubawa, kwandasta na ce min kuɗi ni ko jinsa ba na yi. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Tun ranar kafin in rubuta layi ɗaya sai na ƙayyade makulli na sa iyakar tambaya a rana.

Sarkin Gardama:
To ni dai har yanzu ina kan bakana, ya tattara ya koma OpenStreetMap gaba ɗaya ya huta da mulkin mallaka, can ba sharaɗi ba lauya

Injiniyan Yaba:
Wa ya gaya maka? Can ma akwai, iri ne dai daban. Bayanan suna ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012, dole ka rubuta a jikin taswira cewa daga masu ba da gudummawar OpenStreetMap take, kuma in ka gyara bayanansu ka haɗa sabon rumbu ka fitar wa jama'a to kai ma sai ka buɗe shi da irin lasisin, don haka jerin kwastomominka ka ajiye shi daban kar ka cakuɗa. Sannan bayanan ne kyauta, injinansu ba naka ba ne, da gudummawa ake riƙe su. Nominatim ɗinsu na neman adireshi tambaya ɗaya a daƙiƙa ita ce iyaka kuma sun hana a yi cika-da-kanka da shi, hotunan taswirar ma sun hana sauke su da yawa don ajiya. Ka matsa musu su toshe ka ba sallama. Mai son 'yanci na gaske sai ya sauke fayil ɗin Najeriya daga Geofabrik ya ɗora a sabarsa, wato kwamfutarsa da ke amsa wa manhaja ta intanet, ya sa OSRM ko Valhalla ko GraphHopper su lissafa hanya, MapLibre ya zana. A nan ne muryar Hausar take halal, ka samu mai zazzaƙar murya ya naɗa maka "dama", "hagu", "ka iso", ba mai ce maka don me. Amma kuɗin saba na kanka, ta faɗi da tsakar dare kai ne mai tashi, kuma babu bayanin goslo na nan take, wanda a Legas kusan shi ne rabin amfanin taswira. Abu ɗaya kuma, kar wanda ya kuskura ya kwafo layi ko suna daga Google ya zuba a OpenStreetMap wai taimako yake, cire shi za su yi.

Raida Agege:
Goslo ɗin nan fa oga kar a raina shi. In ban duba jan layi ba kafin in hau Ikorodu Road da yamma tumatur ɗin kawu zai zama miya a hanya.

Baristan Obalende:
Injiniya to me zai hana manhajar tasa ta miƙa yaron ga manhajar Google Maps ɗin da ke wayarsa kawai? Ko shi ma laifi ne?

Injiniyan Yaba:
Barista ka shigo sana'armu. Wannan su da kansu suka tanada, link ne kawai da lambobin wurin a ciki, ba ya buƙatar makulli ba a biyan ko kwabo, yaro ya danna "kai ni" Google Maps ta buɗe ta ja shi da goslo da komai. Mai son jagorar ta zauna cikin manhajarsa kuma akwai Navigation SDK da suke sayarwa, amma ba na mai oda arba'in ba ne. Ni a wurinka ƙanina haka zan fara, kwatancen Hausar kuma ya zama saƙon muryar da su Raida suka naɗa a bakin get.

Maman Affan:
Salam, ni dai mai saye ce ina da wajen abinci a Ketu, duk wannan turancin naku ban gane ba. Yaushe za a fara? Don zuwa Mile 12 da asuba ya ishe ni, jiya takalmina ɗaya a taɓo na baro shi.

Ɗan Mile 12:
Hajiya kin zama kwastoma ta farko insha Allah, ki ba ni sati uku. Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na goge ɗari takwas ɗin, sai da hannuna ya yi rawa don kwana uku na yi ina tace su. Na sauke maɓallin daga kan tambari. Gobe zan bi littafin bashin kawu in fitar da masu bukar da muka saba da su, Raida in kana da lokaci ranar Lahadi mu zaga tare mu danna ƙofa-ƙofa, man babur da na shayi a wuyana. Yaya Injiniya zan turo maka kod ɗin makullin ka duba min ko na ɗaure shi daidai.

Raida Agege:
Lahadi bayan azahar, da safe ina da kaya zuwa Ikorodu. Ka zo da fawabank wayata ba ta riƙe caji.

Sarkin Gardama:
Ni dai ban sauka ba, na yi shiru ne saboda Malam. Ɗan Mile 12 nawa buhun albasa yau?

Ɗan Mile 12:
Ta Aliero ko ta Kano? Shigo inbos, in na faɗa a nan Hajiya za ta ce a rage mata tun ba a buɗe manhajar ba.